Mu Gama da Likitan

Asabar, bayan magariba

A takarda zan rubuta wannan. Daga yau ba na sake rubuta komai a waya, ko da "ina kwana" ce.

Sun tafi da Baban Aku. Na rubuta, na tsaya ina kallon rubutun, har yanzu bai shige ni ba.

Daga gidan yayarsa muke dawowa, ni da shi da 'yarmu Aku, a motar aikinsa, tsohuwar farar nan mai ɗaukar katako. A mararrabar gaban gidan mai 'yan sanda sun sa shinge, kamar yadda suke yi tun abin da ya sami ma'aikacin asibitin nan a watan jiya. Wannan ba zan rubuta shi ba, kowa ya ji. Wani mai igiya uku ya ɗaga hannu, ya ce fitilar baya ɗaya ba ta kamawa. Gaskiyarsa ce, bakina har ya gaji da mitar fitilar nan. Ya karɓi takardun mota, ya duba, ya mayar. Na ɗauka an gama. Sai idonsa ya sauka a kan wayar da ke maƙale kusa da sitiyari, ya ce cikin ladabi, har da murmushi:

"Malam, ko zan iya ganin wayar nan?"

Baban Aku ya ce, "Ba komai." Ya ɗora yatsa ta buɗe, ya miƙa masa.

Ni kuwa, ni da malamai 'yan uwana ke cewa bakina ba ya zuwa hutu ko an rufe makaranta, ko uffan ban ce ba. Ina kallon babban yatsan mutumin yana turawa, yana turawa, sai ya tsaya cak. Murmushin ya ɓace. Ya yafito na kusa da shi, suka haɗa kai a kan wayar, sannan suka ce Baban Aku ya fito ya ɗora hannuwansa a kan mota.

Ni da Aku suka tsayar mana da motar haya. A hanya ta tambaye ni ko saboda fitila ne, na ce eh.

Lahadi, da yamma

Na je ofishinsu tun ba su gama shara ba. Benci ɗaya ne a gaban kanta, ƙafarsa ɗaya gajera, duk wanda ya tashi sai na gefensa ya yi tangal-tangal. A kai na zauna har rana ta take kafin mai igiya ukun ya iso. Ya fito da wayar a cikin leda, ya karanta mini saƙon da ƙarfi, kowa na ji:

"Gobe da sassafe ka taho da bindiga biyu da harsashi mai yawa. Mu gama da likitan nan kafin matarsa ta dawo."

Dariya ce ta kufce mini, irin ta wanda aka sauke wa kaya. Tsohon saƙon Malam Anjima ne, abokin aikin Baban Aku tun suna yaran shago. Anjima muke ce masa don duk abin da ka tambaye shi amsar "anjima kaɗan" ce. Na shiga bayani har ina harɗe harshe. Kafintoci ne, bindigar ƙusa suke nufi, mai aiki da iska, harsashi kuwa ƙananan ƙusoshin da ake jera mata a ciki. Aiki kuma da sana'ar mai shi suke kiran sa. Tun da na auri mutumin nan nake jin "mun gama da tela", "jibi za mu faɗa wa mai burodi", ban taɓa jin wani abu a ciki ba. Likitan nan kabad ɗin kicin da silin suke yi masa, yana so matarsa ta dawo daga wajen iyayenta ta tarar.

Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya fara nasa. Ina bindigogin? Na ce suna gidan likitan, ba a ƙarasa aikin ba. Ina likitan? Ya tafi ɗauko matarsa. Me ya kawo makullin gidansa cikin motar mijina? Shi ya bar musu. Ya kira lambar likitan a gabana, muryar matar kamfanin nan ta ce ba a samun lambar a yanzu. Kowace amsa na bayar gaskiya ce, kuma ina ji a jikina kowace tana ƙara danna shi ƙasa.

Na ce to ga makulli a hannunku, ku je ku buɗe ku gani mana. Ya kalle ni kamar na yi saɓo, ya ce doka ba ta ba su ikon shiga gidan mutum ba sai da takardar alƙali.

Ba su bar ni na gan shi ba. Abincin dai sun karɓa, bayan sun sa na ɗanɗana.

Litinin, lokacin tara a makaranta

Malam Anjima ya cika wandonsa da iska. Wayarsa a kashe, shagonsu da kwaɗo. Matarsa, da har yanzu muke ce wa Amarya duk da cikinta ya tsufa, ta ce tun da ya ji labari ya fita da silifas bai dawo ba. Mutumin da bai taɓa yin sauri a rayuwarsa ba, sai ranar da bai kamata ba.

Na rubuta wa 'yan ajina jimla a allo, na juya na manta abin da nake koya musu.

Talata, da la'asar

Shugabar makarantarmu ta haɗa ni da ƙanwarta, lauya ce. Ofishinta na saman wani shagon tayil, fanka na ƙara, fayiloli jibge har ƙasa. 'Yar siririya ce, ba ta ɓata lokaci a gaisuwa. Ban ji daɗin hakan ba da farko.

Ta ce in faɗa mata abin da aka ce a bakin shingen, kalma da kalma, kada in gyara. Na faɗa. Ta ajiye biro, ta ce wanda aka tsayar don fitila, fitila da takardun mota ne hurumin ɗan sanda a kansa. Waya kuwa kamar ɗakin kwanan mutum take, ba a shiga sai da takardar izini daga alƙali, ko kuma mai ita ya ce a shiga. Da mai igiya ukun fizge ta ya yi, da yau za ta tsaya a kotu ta nemi a zubar da duk abin da aka gani a ciki. Amma tambaya ya yi, kuma ya san dalilin da ya sa ya yi ta a sigar tambaya.

"Mijinki yana da damar ya ce a'a," in ji ta. "A rahotonsu sun rubuta ya amince da kansa."

Na ce mata ba ta san Baban Aku ba. Ka taka masa ƙafa, ba komai. Guduma ta fasa masa farce, ba komai. Ranar da mahaifiyarsa ta rasu na same shi a bayan ɗaki jikinsa na rawa, na ce lafiya, ya ce ba komai. Mutum da bindiga a kafaɗa ya ce yana son ganin wayarka, me ake cewa? Ni kaina, da nake koyar da yara, ban taɓa sanin akwai wata amsa ba.

Ta ce za ta faɗa wa alƙali haka, amma kada in ɗora rai a kai. Sannan ta sa na maimaita wata jimla kamar 'yar aji ɗaya: "Ban yarda a duba wayata ba." Ba da faɗa ba, ba da ƙarya ba. In sun karɓa da ƙarfi kada in ja da su, in sake faɗa yadda na kusa za su ji, in riƙe lambar da ke ƙirjin mutum a kaina. Ta sa na cire buɗewa da yatsa na mayar da lambobi. Ta kuma gargaɗe ni kada in goge komai, ko da hoton takalmi ne.

Na fito ina jin kunya da haushi. Kalma shida ce kacal, kuma ba wanda ya taɓa koya mana.

Laraba, da safe

Lambar likita ba ta shiga.

Alhamis, da yamma

Na gan shi. Sun fito da shi bayan kanta ba takalmi, yana riƙe da wandonsa don sun karɓe bel. A fuskarsa ban ga komai ba, amma da hannun hagu ya karɓi kwanon, na dama yana ɓoye da shi a bayansa. Ban tambaya ba. Na san amsar da zai ba ni, kuma in na ji ta yau zan iya yin ihu.

Bai tambaye ni maganar shari'a ba. Cewa ya yi katakon da ya jingine a bayan gida in sa a rufe da leda, in ruwa ya taɓa shi zai lanƙwashe. Na ce to. Ya ce Aku tana cin abinci? Na ce tana ci. Wani ya buga kanta ya ce lokaci ya yi.

Na dawo na rufe katakon ni kaɗai, ina ja ina kuka.

Juma'a, da rana

Na yi wautar da ban taɓa yin irinta ba.

Tunani na yi, tun da ba za su je su gani ba, bari in kai musu. Na ari bindigar ƙusa wajen wani kafinta a layinmu, na sa a buhu, na hau motar haya. A bakin ƙofar ofishin wani matashin ɗan sanda ya tambaye ni me ke cikin buhun. Ni da bakina, ba wanda ya matsa mini, na ce, "Bindigar ce na kawo."

Ban san mutum na iya ganin ramin bakin bindiga da kyau haka ba. Uku ne a kaina. Ana ta tsawa in ajiye, in ɗaga hannu, in durƙusa, ban san wanne zan fara ba. Na durƙusa a kan tsakuwa, ɗankwalina ya zame. Wani ya zazzage buhun da ƙafa, abin ya faɗo da igiyar iskarsa. Sai suka fashe da dariya, har da masu jiran 'yan uwansu a benci.

Mai igiya ukun ya juya ta a hannu ya ce ya san wannan, gidansa ma an yi masa aiki da irinta. Amma wa ya ce ita ake nufi a saƙon? In masu gaskiya ne, ina wanda ya turo? Me ya sa ya gudu?

Lauya ta yi mini faɗa a waya kamar ita ta haife ni. Na san na cancanta.

Asabar, da hantsi

Aku ta kawo mini 'yar tocilanta, ta ce in kai wa 'yan sanda su ɗaura a bayan motar a sako Baba. Na karɓa na sa a jaka. Ban san ranar da zan gaya mata ba fitila ba ce.

Litinin, da safe

Lambar likita ba ta shiga. A asibitinsu sun ce dogon hutu ya ɗauka, kuma ba sa ba da bayanin ma'aikaci ga kowa, musamman a irin wannan lokaci. Matar da ke teburin ta bi ni da kallo har na fita.

Duk motar da ta rage gudu a ƙofar gida sai na tashi na leƙa. Maƙwabciyata da kullum take aiko yara aron dutsen guga ta daina. Ban ga laifinta ba, amma na ji ciwo.

Laraba, bayan an tashi daga kotu

Ɗakin ƙarami ne, ya fi ajina zafi. Suka shigo da shi da ankwa tare da wasu mutum biyu. Ya neme ni da ido, da ya gan ni ya sunkuyar da kai.

Lauya ta yi ƙoƙari, in faɗi gaskiya. Ta tambayi mai igiya ukun ko yana da takardar alƙali, ya ce a'a. Ko ya ga wani abin zargi a motar kafin ya nemi wayar, ya ce a'a, aikin tsaro ne kawai. Ko ya gaya wa direban yana da damar ƙi, ya ce ba a tambaye shi ba. Ta ce tambayar mai bindiga a bakin shinge, ga mace da yarinya a mota, sunanta kawai tambaya. Mai gabatar da ƙara ya miƙe ya ce a tambayi wanda ake tuhuma da kansa me ya ce.

Na ƙura wa Baban Aku ido. Allah ya yafe mini, so nake ya ce bai tuna ba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba komai na ce."

Alƙali ya yi rubutu mai tsawo. Ya ce maganar ko an buɗe wayar bisa ƙa'ida zai yanke hukunci a kanta a zama na gaba, wata mai zuwa. Ya ce a kawo masa buƙatar shiga gidan likitan a rubuce, lauya ta ce ta kai tuni, tana kan teburin wani. Batun beli kuwa, ya ce wannan karɓar saƙo kawai ya yi, bai ko amsa ba. In wanda ya turo ya bayyana ya ba da bayani, zai duba.

A waje na tambayi lauya, in Malam Anjima ya zo za su bar shi ya koma gida? Ta ce mai yiwuwa, in ya zo da kansa, da ita a gefensa, kuma da wayarsa yadda take.

Wata mai zuwa. Hannun nan nasa har yau bai fito da shi ba.

Alhamis, da yamma

Na je wajen Amarya. Na tarar tana wanki a zaune, ƙafafunta sun kumbura. Na karɓa na ƙarasa mata, muna hirar haihuwa da tsadar sabulu, kowa na kewaye maganar. Da na zo shanya sai na ga rigar aikin Malam Anjima a cikin kayan, da sabon datti a wuyanta. Na ɗaga ta, na kalle ta. Ta fashe da kuka.

Yana wata gonar kaji a bayan gari, wajen ɗan uwansa. Ta tura mini sabuwar lambarsa da kwatancen wurin, tana roƙona da girman Allah kada in kai masa kowa.

Asabar, da la'asar

Na same shi a ɗakin ajiye abincin kaji, a kan buhuna. Ya rame, gemu ya cika masa fuska. Da ya gan ni ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce shi tsoro ne ya kwashe shi, yana jin an ce bindiga da likita ya san ba mai tsayawa ya saurare shi. Ya ce kullum yana cewa gobe zai fito. Na ce ai na sani, anjima kaɗan. Ya yi 'yar dariya, sai kuma hawaye.

Na gaya masa abin da alƙali ya ce. Na gaya masa maganar hannun. Ya tambaye ni ko in ya je za su riƙe shi, ga Amarya ta kusa.

Na ce, "Bayani kawai za ka yi, ka kwana a gidanka. Lauya ce ta faɗa."

"Mai yiwuwa" ɗin na bar shi a cikina. Na sani sarai lokacin da nake barin sa.

Na ce ya taho da tsohuwar wayar a kashe, ya damƙa wa lauya. Ya ce kada in damu da wannan, wayarsa tas take. Muka tsayar da Litinin.

A hanyar dawowa aka tsayar da motar hayarmu a wani shinge kusa da gada. Wasu ne daban, ban san fuskarsu ba. Ɗaya ya leƙo ya ce kowa ya fito da wayarsa a buɗe. Mutum huɗu muke a baya, uku suka miƙa tun bai rufe baki ba. A tawa akwai lambar Malam Anjima da kwatancen gonar, har da launin ƙofa. In suka je suka ɗauko shi, ya tashi daga wanda ya zo da kansa ya koma wanda aka kamo.

Ya miƙo mini hannu. Na ƙanƙame jakata. Muryar da ta fito ba tawa ba ce, ta wata 'yar yarinya ce:

"Ranka ya daɗe, ban yarda a duba wayata ba."

Ya ce me na ce? Na sake faɗa, da ɗan ƙarfi, ina kallon lambar ƙirjinsa. Ya ce in fito. Na tsaya a rana a gefen titi, jaka a ƙirji, motoci na wucewa ana kallona. Ya tambaye ni ko ni lauya ce, na ce malamar firamare ce. Ya ce mai gaskiya ba ya ɓoye waya. Na ci gaba da kallon lambar ƙirjinsa. Ya je ya yi magana da babbansu, babban ya dube ni daga nesa, ya kaɗa hannu.

Da muka tashi direba ya hau ni da faɗa, wai na so in ja musu kwanan ofis saboda taurin kai. Wata dattijuwa a gefena ta dafa gwiwata har muka shigo gari.

Lahadi, da rana

Lambar likita ba ta shiga. Na goge wa Baban Aku kaya, sai kuma na ji tsoron kada in yi wa abin baki, na mayar cikin akwati.

Litinin, bayan magariba

Malam Anjima ya riga ni zuwa tasha, da wankakkiyar riga. Duk tsawon hanya ina koya masa jimlar, yana maimaitawa yana murmushi, wai na mayar da shi ɗan aji.

Lauya ta kira ta ce an riƙe ta a wata kotu, mu jira ta a waje, kada mu shiga. Muka tsaya a gindin bishiyar da ke tsallaken ofishin. Ashe matashin nan na ranar buhu ya gane ni. Ba a daɗe ba sai ga mai igiya uku da kansa ya tsallako, da fara'arsa, ya ce ai bai kamata baƙi su tsaya a rana ba, mu shigo ciki.

A gaban kanta ya yaba wa Malam Anjima, ya ce haka mai gaskiya yake yi. Sannan, da muryar nan tasa mai laushi, ya ce ko zai iya ganin wayar? Na taka ƙafar Malam Anjima. Ya dube ni kamar yana cewa kwantar da hankalinki, ya zaro ta, ya kunna, ya miƙa da hannu biyu.

Babu komai a ciki. Ba saƙo, ba lamba, ba hoto ko ɗaya. Washegarin da aka kama Baban Aku ya kai ta wajen mai gyaran waya aka wanke ta. Abin da yake nufi da tas ke nan, ni kuma na ji abin da nake son ji.

Mai igiya ukun ya ce wanda ya gudu, ya kuma goge hujja, ba bayani ya zo yi ba. Lauya ta iso tana haki, ta tarar har sun karɓi bel ɗinsa. Da za su shige da shi ya waiwayo ya ce in gaya wa Amarya anjima kaɗan zai dawo. Ba da wasa ya faɗa ba.

Talata, da safe

Ban je makaranta ba. Ban je wajen Amarya ba. Yarinya na aika.

Alhamis, da yamma

An ba da belin Baban Aku. Alƙali ya ce sharaɗinsa ya cika, wanda ya turo saƙon yana hannu. Shi kuma Malam Anjima sai likitan ya bayyana da ransa ya yi magana, ko a sami izinin buɗe gidan. Takardar tana nan kan teburin da take.

Yana gida. Ya yi wanka ya sake yi. Aku ta ɗare cinyarsa ta ƙi sauka, tana ba shi labarin duk abin da ya wuce a layi, yana shafa kanta da hannun hagu. Yatsu biyu na daman sun kumbura sun karkace, gobe za mu asibiti. Ya tambaye ni yadda aka yi Malam Anjima ya yarda ya fito, na ce roƙonsa na yi. Ya daɗe yana kallona, bai ƙara tambaya ba.

Ina murna. Allah ya gani ina murna, har ina jin kamar in yi ta zagaya ɗakin ina taɓa shi. Kuma tsoron bai tafi ko'ina ba, wuri kawai ya canza.

Amarya ta zo da la'asar, tana tafiya tana dafa bango. Ta yi wa Baban Aku barka, tana ƙoƙarin durƙusawa da wannan cikin, ya hana ta. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta sha ruwa, sannan ta ce za ta koma kafin duhu.

Na raka ta bakin ƙofa. Ta riƙo hannuna ta ce, "Yaya, ke kin san kan ofishin 'yan sandan nan, ni ban taɓa shiga ba. Gobe ki raka ni."

Na ce zan raka ta.

"Ya ce kin ce ba za su riƙe shi ba. To ko zuwa jibi ne, ko? Kafin in haihu dai zai fito?"

Ta tsaya tana jira in sake yi mata alkawari, ni kuma na tsaya ina gyara mata mayafi.